Shin za a iya cin riba daga giɓin da ke cikin tsarin tukuicin katin bashi?

Malam, ka tambaya ko mazaunin Amurka zai iya bin giɓin da ke cikin tsarin tukuicin katin bashi, wato maki ko kuɗin da banki ke ba wanda ya yi sayayya da katin, ya tara maki ba tare da ya kashe kuɗinsa da gaske ba. Ana yi, kuma an daɗe ana yi. Daga 2008 zuwa 2011, hukumar buga tsabar kuɗi ta Amurka ta riƙa sayar da tsabar dala ɗaya-ɗaya a kan ainihin darajarta, tana kai wa mutane har gida kyauta, sai wasu suka riƙa saye da katin bashi, su zuba tsabar a banki, su biya bashin, su tsira da makin tikitin jirgi. A 2011 hukumar ta daina karɓar katin bashi a shirin.

Yanzu bankuna sun farga. Bankin Chase yakan hana sabon kati ga wanda ya buɗe katuna biyar cikin watanni 24, American Express kuma tana iya ƙwace maki, ta rufe asusun wanda ta ga yana wasa da ƙa'idojinta. A 2021 Kotun Haraji ta Amurka ta yanke cewa wasu ma'aurata da suka tara tukuicin sama da dala 300,000 sai sun biya haraji a kan wani ɓangarensa.

Abin da ya fi damuna shi ne kuɗin ruwa, wanda yakan haura kashi 20 cikin ɗari a shekara, alhali tukuicin sayayyar yau da kullum yawanci kashi 1 zuwa 2 ne. Idan ba za ka iya biyan bashin gaba ɗaya kowane wata ba, ina roƙonka kada ka fara.