Amsa: Wane irin ƙarfen ɗora fiyano zai ɗauki guda biyu ko uku?

Malam, ka tambayi ƙarfen da zai riƙe maka fiyano biyu da ƙaramar na'urar haɗa sauti a situdiyonka. Shawarata, ka guji mai ƙafa X ɗin nan mai sanda ɗaya. Na taɓa amfani da shi, ana tsaka da ɗaukar waƙa ƙusar tsakiya ta zame, da kyar muka tare fiyanon. Ga shi kuma in kana zaune gwiwarka na bugun ƙarfen.

Nemi mai siffar Z ko mai ƙafa huɗu kamar tebur. Fiyano mafi nauyi ka sa shi a hawan ƙasa na ƙarfen, domin wasu masu maɓalli 88 sukan haura kilo 20, ƙananan su hau sama. Hawan sama ya karkato kaɗan, da ɗan maƙali a gaba don kada kaya su zamo.

Kafin ka biya a Sabon Gari, ka danna shi da hannu biyu ka girgiza. In kuɗin ya yi yawa, sayi bututun ƙarfe mai kauri a Ƙofar Ruwa ka kai wa mai walda da awon fiyanonka. Ka ce ya sa roba a ƙafafun, saboda tayil na da santsi.