Yayana ya rasa ƙafa saboda ciwon suga, ni ma haka zan ƙare?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 44, ina zaune a Misfala a nan Makka. Shekara uku ke nan da aka gano ina da ciwon suga, ina shan Glucophage safe da dare. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya kai shekara 20 da ciwon. Bara aka yanke masa ƙafa, yanzu kuma an sa shi a wankin ƙoda. Tun lokacin barci ya ƙaurace mini. Abin a jini yake ne? Kuma me zan iya yi masa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba Yaya lafiya, ya sa kaffara ce.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai gado a ciki. Ciwon suga yana bin dangi, kuma wanda ɗan'uwansa na jini ya samu lalacewar ƙoda ta dalilinsa ya fi wani kusa da samunta. Amma yanke ƙafa da wankin ƙoda ba rana ɗaya suke faɗo wa mutum ba. Suga da hawan jini ne ke cin ƙananan hanyoyin jini na ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa a hankali, shekara da shekaru, ba tare da mutum ya ji ciwon komai ba. Nan ne mutanenmu ke yaudaruwa: "ai garau nake jin jikina." Ke da kike shekara ta uku kina da sararin da Yaya ba shi da shi yanzu.

Na'urar gwaji ta gida halin wannan lokacin kawai take nunawa. Ana so kafin karin kumallo suga ya tsaya tsakanin 80 da 130, bayan cin abinci da awa biyu kuma kada ya kai 180. Wanda ya fi ta faɗin gaskiya shi ne gwajin tarakumi, da ake rubutawa HbA1c a takarda, domin yana tattaro lissafin kusan wata uku. Ga mai shekarunki, ƙasa da 7 ake nema. Wani babban bincike na Birtaniya mai suna UKPDS ya nuna a shekarar 2000 cewa duk saukar maki ɗaya a tarakumi na tafiya da raguwar illar ƙananan hanyoyin jini da kusan kashi 37 cikin 100. Ko daga 9 zuwa 8 kika sauko, kin ci riba. Idan kina da ƙarancin jini ko sikila ki sanar da likita, don suna iya karkatar da sakamakon.

Ƙoda ba ta kuka sai ta yi nisa. Don haka duk shekara ki nemi gwajin zulal a fitsari, wato furotin da ke yoyo, tare da gwajin aikin ƙoda a jini. Idan an kama yoyon da wuri akwai magungunan da ke rage masa gudu, irin su losartan da dapagliflozin, amma likita ne zai zaɓa miki. Hawan jini kada ya wuce 130 bisa 80. Ki yi nesa da Voltaren da Brufen da ake saye a kantin magani don ciwon gwiwa, suna wahalar da ƙoda. Ido ma sau ɗaya a shekara, gwajin da ake ɗiga magani a leƙa bayan ido, ba na yankan tabarau ba. Hulba da habbatus sauda ba sa maye gurbin maganinki.

Maganar ƙafa ita na fi so ki riƙe, saboda garin da kike. Farin dutsen wajen ɗawafi ba ya ɗaukar zafi, amma kwaltar waje da rana tsaka wuta ce. Mutum ya fito daga Harami bayan Azahar, ya nemi takalmi ya rasa, ya ce bari ya taka zuwa bakin titi. Idan jijiyoyinsa sun mutu ba zai ji komai ba, sai da dare a ga tafin ƙafa ya yi bororo ya saɓule. Daga irin wannan, ko ƙaya, ko takalmi mai matsi, gyambon da ke kai wa ga yanka yake farawa. Ki riƙa sa takalminki a jaka ki shiga da shi. Kullum da dare ki duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, ko da madubi. Bayan alwala ki tsane tsakanin yatsun. Kada ki sa reza ki kankare kaushi ko fatar da ta yi kanta. Ciwon da ya kwana biyu bai kama hanyar warkewa ba, ko ya yi ja, ko wari, ko yatsa ya fara baƙi, asibiti a ranar.

Abinci kuwa, ban ce ki bar kabsa (shinkafa da nama) ko burodin tamis ba. Ki rage tudun shinkafar, ki ƙara ganye da waken ful. Lemon kwalba da shayi mai suga cokali uku su ne ya kamata su fara fita daga gidan.

Shi kuma Yaya, ƙafar da ta rage ita ce abin tsaro, ku duba masa ita kullum kamar yadda na faɗa. Kada ya tsallake ranar wanki ko da ya ji ƙarfi. Dabino da ayaba da ruwan lemo suna da sinadarin fotasiyam da yawa, wanda ke taruwa a jinin mai wankin ƙoda har ya taɓa bugun zuciya, don haka masu zuwa dubiya su daina cika masa faranti da dabino. Sannan idan yana allurar insulin, yakan daɗe a jikin wanda ƙodarsa ta gaza, sai suga ya riƙa faɗuwa. Idan kika ga gumi da rawar jiki da ruɗewa, ko na'ura ta nuna ƙasa da 70, ki dama suga ƙaramin cokali uku a ruwa kaɗan ki ba shi, ki sake gwadawa bayan minti 15. Idan ya suma kada ki ɗura masa komai a baki, ki kwantar da shi ta gefe ki kira motar asibiti a 997.

Rashin barcin nan ma ki faɗa wa likitanki ranar da za ki je gwajin tarakumi, domin damuwa da ƙarancin barci su ma suna tayar da suga.