Na fasa bututu a gidan mutane, wa zai biya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai aikin famfo ne, ina zaman kaina a Kaduna. Ina cikin huda bango a saman bene sai na fasa bututun ruwa, ruwan ya zubo ya lalata silin da talabijin na falon ƙasa. Maigidan ya ce in biya nan take. Ina da inshorar da wani ɗan kwangila ya sa na yanka bara. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya kiyaye gaba. Malaman fiƙihu sun ce ganganci da kuskure ɗaya ne wajen biyan dukiyar mutane, bambancinsu a zunubi ne kawai. Haƙƙin maigidan yana nan, abin da ya rage shi ne a san inda kuɗin zai fito.

Ka ɗauko takardar inshorarka ka duba ko irin wadda take biyan ɓarnar da ka yi wa dukiyar wani ce, sannan ka tabbatar wa'adinta bai ƙare ba, domin yawanci na shekara ɗaya ne, kuma a dokar Najeriya wanda bai biya kuɗin inshora ba ba shi da kariya. Idan tana aiki, ka sanar da kamfanin inshorar a rubuce yau ɗin nan.

Inda masu sana'a suka fi yin asara shi ne wajen kunya. Mutum zai sa hannu a takardar alkawarin biya, ko ya ba da wani abu don a kwantar da magana, alhali galibin kamfanoni sun sharɗanta kada a amsa laifi ko a yi sulhu sai da izininsu. Ka ba maigidan haƙuri, ka gaya masa cewa kamfani zai turo mai ƙiyasta ɓarna. Ka ɗauki hotuna kafin a gyara komai, ka nemi rasit ɗin talabijin, kada kuma a zubar da abin da ya lalace.

Kada ka sa ran za su biya duka. Gyaran bututun da sake aikinka yawanci a kanka suke, akwai kuma wani kaso na farko na kuɗin ɓarnar da takardar ta ɗora maka ka biya da kanka. Idan suka ƙi biya ba tare da hujja ba, ka kai ƙorafi hukumar NAICOM, wadda take kula da kamfanonin inshora da na takaful (inshorar Musulunci), tare da kwafin duk wasiƙun da kuka yi musaya.