Fifikon da Malesiya ke ba 'yan Malay ya yi amfani kuwa?

Malam, ka tambaya ko fifikon da gwamnatin Malesiya ke ba 'yan Malay, ƙabila mafi rinjaye a ƙasar, ya rage tazarar arziki da ke tsakaninsu da 'yan asalin Sin. Ya rage, amma da sauran rina a kaba.

Abin ya samo asali ne daga rikicin ƙabilanci na 13 ga Mayu 1969 a Kuala Lumpur. A 1971 gwamnati ta fito da sabon tsarin tattalin arziki, da burin 'yan ƙasa na asali, wato Bumiputera, waɗanda galibinsu 'yan Malay ne, su mallaki kashi 30 cikin ɗari na hannun jarin kamfanoni kafin 1990. Daga ƙasa da kashi 3 suka tashi, suka kai wajen kashi 19 kawai a 1990. An ware musu guraben jami'a da kwangiloli, har gida idan za su saya ana yi musu ragi. Talauci ya ragu ƙwarai, 'ya'yan manoma sun zama likitoci da injiniyoyi.

Inda gizo ke saƙar shi ne kwangila. Mai uwa a gindin murhu ya karɓi lasisi da sunansa, ya miƙa wa ɗan kasuwa Basine ya yi aikin, shi kuwa yana gida yana jiran kasonsa. A ganina, ragin kuɗin gida ga attajiri ba shi da hujja, talaucin mutum ya kamata a duba. Ga kuma ƙwararrun 'yan asalin Sin da Indiya da suka tattara suka koma Singafo.