Haɗa ƙaramin jirgin sama a gida, zai yiwu?

Malam, ka ce kana so ka sayi kit, wato sassan jirgi da kamfani ke sayarwa a warwatse, ka haɗa jirgi mai mutum biyu a garejinka kuma kai ba injiniya ba ne. Zai yiwu wallahi. Jirgin Air Beetle da sojojin saman Najeriya suka yi horo da shi, kit ne na RV-6A na kamfanin Van's na Amurka, a Kaduna aka haɗa shi.

Amma ka sani kit ɗin galibi gangar jiki ce kawai, inji irin Rotax 912 da farfela da na'urorin gaban direba duk kuɗinsu daban, ga dala ga kwastan, nan mutane ke maƙalewa jirgi ya shekara ƙarƙashin tamfol. Aikin kuma na shekaru ne, dubban ribit, wato ƙananan kusoshin da ke haɗe fallayen ƙarfe, za ka buga a jikin alminiyam, duk wanda ya karkace sai ka huda ka cire ka sake. Don Allah kar ka sa kusoshin kasuwa a madadin na jirgi, kar ka canza zanen da suka ba ka.

Kafin ka biya ko sisi ka tuntuɓi NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, kan rajista, ka samu injiniyan jirgi mai lasisi ya riƙa duba aikin kafin ka rufe fukafukai. Tashin farko kuwa ka bar wa gogaggen matuƙi.