Gasar hokin ƙanƙara ta ƙarshen shekara: tikitin kwana ɗaya ko na kwana biyu?

Wasiƙun wannan makon duka daga jihar Michigan ta Amurka suka zo, kuma duka a kan gasar hokin ƙanƙara ta jami'o'i da ake kira Great Lakes Invitational, wadda ake yi tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Michigan State, bana ba zan je gida hutu ba. Abokan karatuna sun ce mu je Grand Rapids mu kalli makarantarmu. Kuɗina ba yawa, shi ne nake tunanin in sayi tikitin ranar ƙarshe kawai, tunda ranar ake ba da kofi. Kuma don Allah yaya ake haɗa wanda zai kara da wani? Ƙuri'a ake jefawa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in fara da tambayarka ta biyu, don a cikinta amsar ta farkon take.

Ba a jefa ƙuri'a. Gasar gayyata ce, masu shirya ta ne suke zama su tsara komai tun watanni kafin lokacin. Ƙungiyoyi huɗu ne, kwana biyu, wasa huɗu. Ranar farko a yi wasanni biyu na kusa da na ƙarshe. Washegari waɗanda aka ci su fara fitowa su nemi matsayi na uku, sannan waɗanda suka ci su buga wasan kofi. Kofin sunan John MacInnes gare shi, tsohon kocin jami'ar Michigan Tech, wanda yana cikin mutanen da suka kafa gasar a 1965 a birnin Detroit. Shi ya sa har yau Michigan Tech ce uwar gasar, duk da cewa makarantar tana can Houghton, ƙuryar arewacin jihar, tafiyar yini guda a mota. Makarantarku ita ma ta zama 'yar gida, kusan kowace shekara tana ciki. Sauran kujeru biyun na baƙi ne. Jami'ar Michigan ta Ann Arbor, wadda ta daɗe cikin gasar, ta daina zuwa tun da aka mayar da gasar zauren Van Andel Arena a Grand Rapids a 2022.

In ka duba yadda aka haɗa wasannin 'yan shekarun nan, za ka ga hannun masu tsarawa a fili. A 2022 Michigan Tech ta kara da Western Michigan, ku kuma da Ferris State. A 2023 Tech da Alaska, ku da Ferris State kuma. A 2024 Tech da Western Michigan, ku da Northern Michigan. Abu biyu ne a nan. An raba 'yan gida biyun, kowa da ɓangarensa, don in an yi sa'a su haɗu a wasan ƙarshe zaure ya cika. Sannan Ferris State da Northern Michigan rukuninsu ɗaya da Tech, wato CCHA, dama suna haɗuwa a cikin kakar wasa, to sai aka ba ku su, Tech kuma aka ba ta wadda ba rukuninsu ɗaya ba. Wannan yana yi wa kowa daɗi, masu kallo da masu horarwa.

Amma tsara jadawali daban, abin da zai faru a kan ƙanƙara daban. A 2022 kowa ya ɗauka Michigan State za ta wuce Ferris State ba wahala. Ferris State ta cinye ku a ranar farko, Western Michigan ta cinye Tech, aka wayi gari 'yan gidan biyu suna neman na uku, baƙi suna neman kofi. Wanda ya sayi tikitin ranar ƙarshe don ya ga makarantarsa ta ɗaga kofi, wasan da ya fi muhimmanci gare shi an riga an buga shi jiya ba ya nan.

Saboda haka shawarata, in aljihu zai ɗauka, sayi na kwana biyun, ka rage a wani wurin. Ku haɗa kuɗin mai ku huɗu, daga East Lansing zuwa Grand Rapids tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintoci, ba sai kun kama otal ba in hanya ta yi kyau. In kuwa dole sai kwana ɗaya, ni ranar farko zan zaɓa maka. Ranar ka san abokin karawarku, ka san lokacin, kuma dukkan ƙungiyoyin huɗu suna da abin da suke nema. A irin wannan gasa yawanci tikitin yini yana ba ka wasa biyun, amma karanta abin da aka rubuta a kansa kafin ka biya, kuma ka fara tambaya a ofishin tikiti na makarantarku ko akwai rangwamen ɗalibai.

Tambaya: Malam ina wuni. Mun zo ziyarar ɗanmu da ke aiki a Grand Rapids, ya ce zai kai mu kallo tare da jikokina biyu. Ban taɓa ganin wasan nan ba. Ya ce kujerun gaba sun fi tsada, ni kuma na ce a sayi masu kyau saboda yara. Me ka gani? Kuma me za mu sa?

Amsa: Lafiya lau Hajiya, sannu da zuwa, Allah ya raya jikoki. Ki bar shi ya ajiye kuɗinsa, kada ya sayi kujerun gaba. Abin da ake bugawa ɗan faifan baƙin roba ne da bai wuce tafin hannu ba, kuma gudunsa ya fi ƙarfin idon baƙo. Karon farko da na je kallo a jikin gilashin da ya kewaye filin na zauna. Na ji ƙarar takalma suna yankar ƙanƙara, na ga wasu samari biyu sun yi karo a gabana har gilashin ya girgiza, amma sau biyu aka ci ban ga yadda aka yi ba, sai dai ihun mutane na ji. Daga sama kaɗan, wajen tsakiyar fili, za ki ga komai: mutum shida-shida har da gola, da yadda ake canjin 'yan wasa ana cikin gudu ba a tsaya ba, da yadda ƙungiya take takura in an fitar mata da mutum ɗaya na minti biyu. Yaran kuma a sauko da su jikin gilashi lokacin da 'yan wasa suke ɗumama jiki kafin a fara, galibi ba a hanawa.

Wasan zagaye uku ne, minti ashirin-ashirin, da hutu a tsakani lokacin da mota take fitowa ta goge ƙanƙarar. Da tsaye-tsaye yakan kai awa biyu da rabi, wasa biyu kuwa yini ne guda. Da ƙananan yara, wasa ɗaya ya isa.

Maganar sutura, cikin zauren akwai sanyi amma bai kai na waje ba. Abin da zai wahalar da ke shi ne tafiya daga inda aka ajiye mota, domin Grand Rapids tana kusa da tafkin Michigan, dusar ƙanƙara takan sauka da yawa a ƙarshen Disamba. Ki sa kaya hawa-hawa a ƙarƙashin doguwar riga, safa mai kauri, da takalmin da ba ya santsi. Kuɗin da za a kashe wajen sayen rigar ƙungiya, gara a saya wa yara safar hannu da hula. Ku ci abinci a gida, don abin da ake sayarwa a ciki da tsada, kuma da yawansa akwai naman alade. Magariba tana yi jim kaɗan bayan biyar na yamma a lokacin, sai ku lissafa da ita. Ɗanki ya duba dokar jaka ta zauren kafin ku fito, don kada a mayar da ke da babbar jaka daga bakin ƙofa. In Michigan Tech ce ke wasa, ki nemi 'yan badujalarsu masu kaya ratsin baƙi da rawaya, jikokinki za su so su.

Tambaya: Malam, wani ya ce mini gasar nan wasan sada zumunta ce kawai, manyan 'yan wasa ma ba sa zuwa. Gaskiya ne?

Amsa: Rabin maganarsa gaskiya ce. Gasar matasa ta duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 tana farawa 26 ga Disamba, ta kai farkon Janairu, to ƙungiya mai taurari takan rasa ɗaya ko biyu da ƙasashensu suka kira. Amma wasannin suna shiga lissafin kakar wasa, kuma da wannan lissafin ake zaɓar ƙungiyoyi 16 da za su buga gasar ƙasa da ake farawa a watan Maris. Abu ɗaya da yake rikita mutane shi ne bugun daga kai sai gola. A 2023 Michigan Tech ta ɗauki kofin a hannun Michigan State ta wannan hanya, amma a kundin hukuma canjaras aka rubuta wasan. Western Michigan kuwa ta sha kashi a wasan ƙarshe na Disamba 2024 a hannun Michigan State, watan Afrilu na zagayowa ta lashe kofin ƙasa baki ɗaya.