Kuɗin ciyar da yara ya taru a kaina, za a ɗaure ni?

Tambaya: Ina zaune a Agege. Mun rabu da matata, 'ya'yanmu biyu suna hannunta, kotun iyali ta yanke min naira 40,000 duk wata. Tunda aka hana acaba a 2022 nake lallaɓawa, yanzu wata takwas ban biya ba. Ta yi aure, kuma ba ta bari in ga yaran. Har yanzu dole ne in biya?

Amsa: Malam, Allah ya kawo buɗi. Sai lauya ya karanta takardar hukuncin kafin a ba ka magana ɗaya, amma bisa abin da ka faɗa, eh, bashin yana wuyanka.

Auren da ta yi bai sauke maka komai ba. Kuɗin na yara ne, ba nata ba, kuma ba a ɗora wa mijinta na yanzu ciyar da 'ya'yan wani ba, ko a Musulunci ko a dokar kare haƙƙin yara ta Jihar Legas ta 2007, wadda ke ɗaukar duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro. Hana ka ganinsu, in haka abin yake, ba ta kyauta ba, kuma kana da damar kai ƙara a kai. Sai dai galibi alƙalai ba sa haɗa maganganun biyu. Uban da ya ce ya riƙe kuɗi don ramuwa, kansa ya cuta.

Inda mutanenmu suka fi tuntuɓe shi ne zaton cewa in sana'a ta karye, hukunci ma ya karye. Naira 40,000 ɗin tana nan tana ƙirguwa duk wata har ranar da kotu ta sauya ta da kanta. Don haka a shigar da buƙatar ragi, tare da bayanan asusun banki da takardar haya. Mai yiwuwa a rage na gaba. Na baya kuwa, kada ka sa rai a yafe. Abin da aka fi samu shi ne a rarraba maka shi kaɗan-kaɗan.

Ɗauri ba shi ne matakin farko ba. Kotu na iya sa banki ya riƙe kuɗinka, amma takan bambanta wanda ba shi da hali da wanda ya ƙi da gangan. Ƙin amsa sammaci ne ke jefa mutum sahu na biyu.

Ni dai sulhu zan ba ka shawara. Cibiyar sasanta jama'a ta ma'aikatar shari'a ta Legas, wato Citizens' Mediation Centre, kyauta take zama. Ko a fadar Sarkin Hausawa ko gaban liman kuka daidaita, a rubuta, a kai kotu ta amince, domin Legas ba ta da kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati irin ta Kano, kuma yarjejeniyar baki ba ta goge hukunci.

Kafin nan, tura abin da ya sawwaƙa, ko naira 10,000 ce, ta banki, ka rubuta "ciyar da yara" a jikin tiransifar. Kayan sallah da mudun shinkafar da ka aika ta hannun ƙanwarka, da wuya a cire su daga bashin in ba shaida.